Zuwa Ga Ɗana, Kafin Ka Kama Hanyar Kiribi

Garwa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya mutanen Yawunde? Mu nan ƙalau. Binuwai ta cika ta batse kamar yadda ta saba a wannan lokaci, masu kwalekwale sai sambarka.

Hotunan motar da ka turo ta wayar ƙanwarka mun gani. Tsohuwar Hiace ta zama ɗaki: ga gado, ga murhun gas, ga tankin ruwa, ga faifan sola a sama. Kafintan ya iya aiki. Innarka ta daɗe tana kallo tana murmushi, har ta iso hoton da karen nan yake zaune a kujerar gaba kamar mai gida. Nan ta miƙa wayar, ta ce a gaya maka ita jika mai ƙafa biyu take jira. To, na isar da saƙo.

Ba zan hana ka tafiyar nan da za ka yi zuwa Kiribi, can bakin tekun kudancin Kamaru, ba. Wanda ya yi shekara talatin a bayan sitiyari ba shi da bakin da zai ce wa ɗansa ya zauna wuri ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin da ka bayar. Ka ce ka zaɓi Satumba don a lokacin masu yawon buɗe ido sun watse, kaya sun yi araha, bakin teku ya zama naka kai kaɗai. Wannan “kai kaɗai” ɗin ne ya sa na zauna rubutu.

A 2002 na fara ganin teku, lokacin da ake shimfiɗa bututun mai daga Doba ta Cadi zuwa Kiribi, kilomita 1,070, mu kuma muna jigilar kayan aikin. Ɗan Garwa yana ganin ya san ruwa saboda ya tashi a bakin Binuwai. Amma Binuwai sau ɗaya take cika a shekara, kuma tana ba ka sanarwa. Teku sau biyu yake cika tsakanin yau da gobe, ya hau kamar awa shida, ya janye kamar awa shida. Wani abokin aikinmu, shi ma ɗan arewa, ya ga yashi mai laima, tauri kamar daɓe, ya shiga da a-kori-kura ya ajiye bayan la'asar, muka tafi cin gasasshen kifi. Kafin magariba ruwa ya kai cibiyar taya. Ya shiga ya taka wuta, tayar ta ƙara haƙa wa kanta kabari. Masunta ne suka zo, sun fi goma, da katakon da suke mirgina kwalekwale a kai da igiyar taru, suka ciro ta ana ihu ana dariya. Motar ta tashi a ranar, amma kafin shekara ta zagayo gishiri ya cinye ƙarƙashinta. Wannan fa a Disamba ne, bakin ruwa cike da mutane. Ka tambayi kanka wa zai zo maka cikin ruwan saman Satumba da ƙarfe biyun dare.

Saboda haka kada tayarka ta taka yashin da babu ciyawa a kansa. Idan ka isa wuri, ka sauka da ƙafa ka nemi layin da ruwa ya ajiye tarkace, ganye da itace da robobi. Nan ne iyakar inda ya kai jiya, kuma idan wata ya cika ko ya ɓace yakan zarce haka. Ka ajiye mota can sama da layin, hancinta yana kallon hanyar fita. Inuwar bishiyar kwakwa za ta ja ka, kada ka yarda. Ƙwallo ɗaya ya isa ya raba ka da gilashin gaba ko faifan solar da kake taƙama da shi. Shebur, katako biyu masu kauri, igiyar jan mota, da famfon taya kada su bar motar. In yashi ya riƙe ka, ka rage iskar taya, ka haƙa, ka sa katako, ka fita a hankali. Duk lokacin da ka samu ruwan daɗi, a wanke ƙarƙashinta.

Sai dai duk waɗannan ƙarafa ba su kai mutane ba. Da ɗan gari akan ci gari. Bakin tekun da kake gani babu kowa yana da masu shi: Batanga da sauran mutanen wurin sun san kowace bishiya da kowane dutse. Duk ƙauyen da za ka kwana, ka fara da gidan mai gari tun da rana, ka gaishe shi, ka faɗi sunanka da inda ka fito, ka ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa, ka bar shi ya nuna maka inda za ka tsaya. Kifi kuma ka saya a hannunsu ko da ka fi son naman gwangwani. Wanda ya ci cinikinka da yamma shi zai ji hon ɗinka da dare. Su ne kuma za su gaya maka ko hanyar Kampo tana biyuwa. Lokacin da na san ta, da ka yi nisa kudu jar ƙasa ce, kuma jar ƙasar kurmi idan ta sha ruwa sabulu ce. Ka je ka ga inda kogin Lobe yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, kusa yake da garin Kiribi. Da damina ya fi kyau, ya kuma fi haɗari. Ka kalla daga nesa. Iyo kuwa, na roƙe ka, ka bar wa masu shi. Akwai igiyar da take ja ciki ta ƙasa alhali sama lumui, kuma iyon Binuwai ba ya maganinta.

Yanzu maganar abokin tafiyarka. Na san innarka ta faɗa maka nata. Ni abin da na karanta a gaban malamaina, a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai kwanon da ya sa baki a wanke shi sau bakwai. An yi izinin ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma ka san hadisin mala'iku da ɗakin da kare yake ciki. Motar nan ita ce ɗakinka, ita ce masallacinka idan ruwa ya tsare ka. Ka yi masa wurinsa daban, ƙarƙashin rumfar da kake bazawa a gefe ko can gaba, da kwanonsa daban, ka naɗe dardumarka inda ba zai hau ba. Wannan tsakaninka ne da Ubangijinka.

Abin da ke tsakaninka da karen kuwa amana ce, tunda kai ka ɗauko shi, bai ce a kai shi teku ba. An gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare da takalminsa, ka tuna. Kada ka kulle shi a mota ka tafi kasuwa kana cewa ai akwai hadari. Zafin kudu mai tururi ne, dabba kuma da haki take huce jikinta. Zai so ya sha ruwan teku, ya sha kuwa sai amai da zawo, don haka ruwan daɗi ya kasance a gabansa kullum. Kowace yamma ka duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska. A can akwai wani ƙuda da yake yin ƙwai a yashi mai ƙazanta da tufafin da aka shanya a ƙasa, tsutsar ta shiga fata ta yi maruru. Tana kama kare, tana kama mutum. Kada ka shanya kaya a ƙasa, kada ka bar shi ya kwana a yashi mai ƙazanta. Allurar haukan kare kuma a yi masa kafin ku tashi, takardar likitan dabbobi ta zauna tare da takardun mota, don wata rana jandarma zai tambaya, ko uban yaron da aka yaƙusa.

A cikin ƙauye igiya a wuyansa, ba fashi. Kaza ɗaya da ya kama ta isa ta ɓata duk gaisuwar da ka yi wa mai gari. In ka kai Eboje, tsakanin Kiribi da Kampo, mutanen wurin suna tsaron kunkurun teku da suke hawowa da dare su binne ƙwai a yashi. Kare da hancinsa zai tone su cikin minti kaɗan. A nan ko da asuba kada ka sake shi.

Limbe, wancan garin bakin teku da ka ambata, ni da za ka ji tawa, ka bar ta sai rani. Baƙin yashinta abin gani ne, toka da duwatsun Dutsen Kamaru ne, wanda ya yi aman wuta a 1999 har narkakken dutse ya yanke hanyar Idenau. Amma can gaba kaɗan Debunca take, inda ruwan shekara yake kai wajen milimita 10,000, kusan ninki goma na Garwa. Katifarka ba za ta bushe ba. Ga kuma rikicin da yankin yake ciki tun 2016, wanda ba ya son baƙon da yake kwana a gefen hanya cikin mota mai labule.

Idan ruwa ya kulle ka ciki, kada ka kunna gas ko gawayi da tagogi a rufe. Hayaƙin da yake kisa ba shi da wari, barci kawai zai ɗauke ka. Gidan sauro ka rataya ko da dare ɗaya ne, zazzaɓi kuma in ya taɓa ka, asibiti, ba jira ba. Canjin sefa 500 na shingen kuɗin hanya ka tara su a aljihun mota.

Kullum bayan isha ka bugo, ka faɗi sunan ƙauyen da ka kwana, in babu layi ka turo saƙo da zarar ka samu. Innarka ta ce duk da haka ka taho mata da busasshen jatan lande da man ja mai kyau, amma a ɗaure su sama inda “wancan” ba zai kai baki ba.

Allah ya tsare hanya, ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifinka