Tarin takardun daura ba ya kunna majigi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan'uwanmu malamai Hausawa da ke koyarwa a nan Saudiyya, daga makarantun Makka da Jidda da Madina har zuwa halƙoƙin haddar Alƙur'ani. Malaman gida ma ba za su rasa abin tsinta a ciki ba.

Tun da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, karatu ya koma kan dandalin karatu ta intanet na Madrasati da manhajar Teams da tashoshin talabijin na darussa na Ain, gardamar ko malami na bukatar na'ura ta ƙare. Abin da ya rage shi ne yadda ake koyonta. Sai ka ga malami ya cika malaf injaz ɗinsa, wato fayil ɗin ayyukansa, da takardun daura, wato shaidar kwasa-kwasan horo, goma sha, amma da zarar majigi ya nuna shuɗin allo sai ya aiki ɗalibi ya kira wani. Shawararmu ita ce a ɗauki na'ura ɗaya a kowane zangon karatu, a yi ta aiki da ita har hannu ya faɗa, sannan a matsa gaba.

A fara da majigi, domin shi ya fi kunyata malami. In an jona kebul amma hoto bai fito ba, yawanci ɗayan biyu ne. Ko majigin na sauraron wata ƙofa daban, wato wata kafar jona kebul, sai a danna maɓallin zaɓen ƙofa a rimot har a zo kan HDMI. Ko kuma kwamfutar ce ba ta tura hoton, sai a danna maɓallin Windows tare da harafin P, a ɗauki zaɓi na biyu, wanda ke kwafo allon kwamfuta zuwa bango. In hoto ya fito babu sauti, a dubi kebul ɗin: tsohon mai shuɗin kai, wato VGA, hoto kaɗai yake ɗauka, sai an haɗa lasifika daban. Majigin da ke mutuwa da kansa bayan minti ashirin kuwa ba aljanu ba ne, zafi ne. Ƙura ta toshe rariyar iskarsa. A ciro ta a kakkaɓe sau ɗaya a wata, a bar masa sararin kamar taƙi biyu ta gefen da yake fitar da iska, kuma kada a zare filogi kafin fankarsa ta yi shiru, domin hakan na rage wa ƙwan kwana. Ajin da rana ke shiga yana bukatar majigi mai hasken lumen 3,000 ko fiye, tare da labule a tagogin da ke kusa da allo. Ita kuma kwamfuta, kada a bar ta cikin mota da rana. Zafin Makka ba ya wasa da batir.

Akwai matsalar da ta fi shafarmu mu masu haɗa Larabci da boko. Malami zai shirya darasi tsaf a gida, ya buɗe shi a kwamfutar makaranta ya tarar ƙ da ɗ da ɓ sun zama akwatuna, ɗigon ƙarshen jimla ya koma farkon layin Larabci, wasulla sun hau juna. Dalili shi ne salon haruffan da ya yi amfani da shi babu shi a waccan kwamfutar, ko kuma bai juya alƙiblar sakin layin zuwa dama ba. Maganin kawai a adana kwafi ɗaya a PDF, shi ba ya sauya kama ko'ina aka kai shi. Girman rubutu kada ya gaza 28, layi kada ya wuce shida a shafi. Kafin yara su shigo, malami ya je bencin ƙarshe ya zauna ya karanta. In shi ya runtse ido, to yaron da ke can ya riga ya bar darasin.

Bidiyo kuma a sauke shi tun daga gida a sa a filasha. Hissa, wato lokacin darasi ɗaya, minti 45 ce, wanda ya ɓata goma yana jiran intanet ya ci kusan rubu'inta. Minti biyar ya ishi bidiyo, a tsayar da shi sau biyu a jefa tambaya.

Zango na biyu a koyi auna fahimta, a ganinmu nan ne na'ura ke mayar da kuɗinta. Makarantu da yawa ba sa barin ɗalibi ya shigo da waya, to akwai manhajar Plickers. Ana buga katuna a takarda, kowane yaro da lambarsa, kowane gefe na katin yana wakiltar amsa ɗaya cikin huɗu. Yaro ya juya amsarsa sama ya ɗaga, malami ya bi ajin da kyamarar wayarsa, nan take ya ga wa ya gane wa bai gane ba, ba tare da wani ya ji kunya ba. Abubuwa biyu ke ɓata shi: rufe katin da leda mai ƙyalli, hasken fitila ya hana kyamara karantawa, da kuma yatsun yara da ke rufe zanen. A buga a takarda mai kauri marar sheƙi, a koya musu riƙe gefe. Tambaya biyar ta isa. In ɗaya bisa uku na ajin suka faɗi tambaya guda, kada a wuce, gobe a sake bayaninta ta wata hanya da wani misali. Malamin da ke rubuta irin waɗannan tambayoyin a littafi, a ƙarshen zango zai ga ainihin inda bayaninsa ke yoyo, abin da babu daurar da za ta nuna masa.

Malaman hadda su ma da rabonsu. A ɗauki karatun da waya tana nesa da baki kamar taƙi ɗaya, a kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ɗan lokacin domin gurnaninsa na cinye haruffan maƙogwaro, a yanka shi aya uku zuwa biyar, a sa wa kowane guntu sunan sura da lambar aya. A darasin Teams kuwa, in murya na amsa-kuwwa, na'urori biyu ne a ɗaki ɗaya da makirufo a buɗe. A rufe ɗaya. Hoton fuskar yaro ko makinsa kada ya shiga zauren WhatsApp na iyaye, kowa a tura masa nasa.

Roƙonmu ga shugabannin makarantu da mushrifai, wato masu duba aikin malamai, shi ne su ware rabin sa'a a mako, malamai biyu su zauna a ajin da babu yara, ɗaya ya zare kebul ko ya sauya ƙofar majigi da gangan, ɗayan ya gyara yana duba agogo. Dattijon malami da ke jin nauyin tambayar matashi a gaban jama'a ya fi sakin jiki a irin wannan zama. A kuma ajiye kebul na biyu da batirin rimot da alƙalamin allo a durowar kowane aji, tare da kwafin darasin ranar a takarda.

Wassalam.

Wasu malamai Hausawa,
Makka, Saudiyya