Zancen makulli

Assalamu alaikum.

Ɗana, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan Birni lafiya lau, sai zafi da ya fara matsawa. Kai ɗan fari ne, bakina bai saba da kiran sunanka ba, balle doguwar magana ido da ido. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar da ka kira ka ce an ɗora ka a kan sashenku, mahaifiyarka ta soya waina ta raba wa almajirai. Ni ma na yi murna ƙwarai. Amma zuwanka na Babbar Sallah ya bar ni da tunani.

Ka taso daga Yamai, kusan kilomita 900, don kwana uku kacal. Daren farko mahaifiyarka ta tuƙa tuwon hatsi da miyar kuka, abin da kake so tun kana lakwal. Ka jera waya biyu a gefen akushi. Loma ta uku ba ta kai baki ba ɗaya ta yi ƙara, ka miƙe ka nufi zaure. Kafin ka dawo tuwo ya sandare. Ƴar autar yaranka ta bi ka da allonta tana son ta biya maka karatu, sau uku kana ce mata "ina zuwa", har barci ya ɗauke ta a kan buzuna, allon a ƙirjinta. Kuma na ji abin da aka kira ka a kai: wani ne yake tambaya ko a sayo takardar rubutu. A daren Sallah!

Ban ga laifin mai kiran ba. Kai ka koya masa cewa ko allura ba ta motsi sai da izininka. Na gane wannan ciwon ne don ni ma na yi shi.

Shekara 11 na yi ina riƙe da wani babban sito na hatsi da gyaɗa, lokacin kana ƙarami. Makullai bakwai ne a ɗaure a ƙuguna, da su nake kwana. Ina da mataimaki mai amana, amma ko sau ɗaya ban bar masa makulli ba. Ni ne a bakin sikeli, ni ne a kan littafin lissafi, ni ne mai ƙirga buhu in mota ta iso da tsakar dare. Wata ranar Afrilu da azahar, ina tsaye ana awo, sai na ga buhunan suna juyawa. Farkawa na yi na gan ni a gadon asibiti. Likita ya ce jinina ya hau 19 a kan 11, alhali daga 14 a kan 9 ma an shiga layin masu hawan jini. Kwana 20 na yi a kwance. Sito bai rufe ko yini ɗaya ba, lissafi bai ɓata ba. Yaron da na hana makulli shekara da shekaru, ashe ya iya. Ni kuwa a cikin shekarun nan aka yaye ƙannenka biyu, ka sauke izu goma, duk labari aka ba ni.

To ka zaɓi mutum biyu a cikin ma'aikatanka, ka yanka musu iyaka: abin da bai kai kuɗi kaza ba, su yanke hukunci, su gaya maka da safe. Za su yi kuskure, ka bar su su yi ƙananan, a nan hannu yake faɗawa. Kada ka ci fuskar wanda ya kuskure a gaban jama'a, in ka yi haka gobe ma wayarka zai nema. Dokar aiki ta ƙasarmu awa 40 ta sa a mako, ta kuma ba ma'aikaci hutun shekara. An ce mini shekara biyu ke nan ba ka ɗauki konje ba. Ka sani in shugaba bai tashi ba, na ƙasa ba ya iya tashi, gidaje da yawa kake hana wa iyayensu ba naka kaɗai ba.

Kai ɗan Damagaram ne, bai kamata a koya maka tattalin ruwa ba. Garin nan a kan dutse yake zaune, ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926. Ka tuna yadda mahaifiyarka take tashe ku da tsakar dare in famfo ya kawo, a cika randa da duro, don ba a san ranar da zai sake zuwa ba. Jikinka ma randa ce. Kana ta kamfata, ban ga lokacin da kake zubawa ba.

Hawan jini yana bin gida, kuma ba ya sallama. Ka je a auna ka cikin makon nan. Ka yi tafiyar ƙafa ta minti 30 bayan sallar Asuba, kwana biyar a mako, shi ne minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya take faɗa. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne. Shayin nan mai sukari da kuke sha zagaye uku, ka rage. Barci awa bakwai. Na lura da idanunka, ba ka samun ko biyar.

Ka san labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah ya yarda da su. Salmanu ya tarar da ɗan'uwansa ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har iyalinsa ta fita harkar ado. Ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa nasa. Da maganar ta je ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. Ibada ce fa aka ce a sassauta, ina ga aikin albashi? Sallar Magariba ka yi ta a masallacin unguwarku, daga nan ka shiga gida, waya ta zauna a aljihun riga har yara su kwanta. Mai ɗakinka ba ta kai ƙararka ba, yarinya ce mai kunya, amma shirunta ya yi yawa.

Batun dangi kuwa, na san tunda girma ya zo buƙatu sun ƙaru. Ka ware abin da za ka iya duk wata, wanda ya wuce haka ka faɗi gaskiya. Kada ka ci bashi don a yabe ka. Ni da mahaifiyarka fanshona yana riƙe mu.

Ta ba direban motar Alhamis ƙullin kuka da daddawa da kilishin yara, ka aika a karɓa a tasha. In an auna ka, ka kira ni ka faɗa mini lamba nawa aka samu, da bakinka nake son ji. Ka gaida mai ɗakinka, ka ce wa amaryata ƴar auta ina jiran ta biya mini karatun nan ta waya, kai kana riƙe mata allon.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Birni, Damagaram