Malam Edita, kai yara daji ba ɓarnar kuɗi ba ce

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari, da fatan kai da sauran ma'aikata kuna lafiya.

Ni mai sauraronku ne daga nan Amurka, ta ɓangaren arewa maso gabas, kuma shirinku na muhalli ba ya wuce ni sai dai in aiki ya riƙe ni. Abun da ya sa na zauna nake danna maka wannan doguwar wasiƙa a waya shi ne maganar da baƙonku ya yi kan ƙungiyoyin nan masu riƙon amanar filaye, inda ya ce wai kuɗin da suke kashewa wajen kwasar yara da manya a kai su daji a nuna musu tsuntsu da kwaɗo asara ce, gara su tattara komai su sayi ƙarin fili tun kafin masu gine-gine su cinye. Wallahi na gane damuwarsa, don filin da aka zuba wa kankare ya tafi kenan, amma ban yarda da shi ba, kuma ina ganin da ya duba yadda waɗannan ƙungiyoyi suke riƙe fili da bai faɗi haka ba.

Su dai ba na gwamnati ba ne. Mutanen gari ne suke haɗuwa su yi rajista su kafa kwamiti, wani lokacin su sayi fili, wani lokacin a ba su kyauta, amma babbar hanyarsu ita ce yarjejeniya da mai fili. Filin yana nan a hannunsa, ya noma abinsa, ya sayar in ya ga dama, ya bar wa magada, sai dai ya sa hannu a takarda cewa ba za a yanka shi fuloti-fuloti ba kuma ba za a cika shi da gini ba, har abada. Sharaɗin nan a jikin takardar filin yake, duk wanda ya saya da shi ya saya. Ita kuma ƙungiya ta ɗauki alhakin zuwa ta duba duk shekara ta ga ko an karya alkawari. Uwar ƙungiyarsu, Land Trust Alliance, wadda aka kafa a 1982, ta yi ƙidaya a 2020 ta ce filayen da aka killace ta hannun irin waɗannan ƙungiyoyi sun kai eka miliyan 61. Ba wasa ba ne.

To Malam Edita, har abadan nan wa zai riƙe shi? Wanda ya sa hannu zai mutu, 'yan kwamitin da suka karɓi amanar su ma za su bi shi. Rigima ta fi tasowa ne daga mai fili na biyu ko na uku, wanda shi ba ruwansa da dalilin da ya sa aka yi yarjejeniyar, ya sayi wuri da kuɗinsa ya ga yana son ya ƙara gini ko ya sare bishiyoyi don ya riƙa hango kogi daga tagarsa, in aka yi masa magana ya ce a haɗu a kotu. Abun ya kai har ƙungiyoyin sun kafa wa kansu inshora ta musamman saboda kuɗin lauyoyi. Kuma da yawa daga cikin ƙananan ba su da ma'aikaci ko ɗaya mai albashi, 'yan sa-kai ne, yawanci dattawa da suka yi ritaya, su ne masu zaga iyakar fili, su ne masu gyara hanyar ƙafa, su ne masu zama taro da daddare. Nan da shekara 30 ba ko ɗaya daga cikinsu da zai iya hawa tudu. Idan yau ba a sa yaran garin sun san filin nan da ƙafarsu ba, ka gaya min daga ina za a samo wanda zai tsaya a gaban alƙali ko a taron gari ya ce a'a? Ka sayi eka dubu ka bar ta ba magaji, takarda kawai ka bari a durowa.

Kuma fa tun asali haka aka tsara abun. Mutumin da ya fara kawo shawarar, Charles Eliot, mai tsara lambuna ne a Boston, kuma abun dariya shi ma wasiƙa ya rubuta wa editan wata mujalla a 1890 kamar yadda nake yi yanzu. Ya ce a samu ƙungiya da za ta riƙe kyawawan filaye kamar yadda laburare ke riƙe littattafai don amfanin jama'a. Shekara ta zagayo, a 1891 aka kafa Trustees of Reservations a jihar Massachusetts, tana nan har yau. To in laburare ne, ai sayen littafi rabin aiki ne, sai an buɗe ƙofa kuma sai an samu masu iya karatu. Baƙonku yana cewa a ƙaro littattafai a sallami malamin da ke koyar da karatun.

Akwai wata magana kuma da ba a cika faɗa ba, maganar haraji. Mai filin da ya yi wannan yarjejeniya, tunda darajar filinsa ta ragu, gwamnati na yi masa rangwamen haraji. Kuɗin da ya kamata ya shiga baitulmali ne aka yafe, wato direban tasi da mai aikin dare a asibiti da mai wanke-wanke a otal duk sun sa hannu a ciki ko sun sani ko ba su sani ba. Amma sau da yawa doka ba ta tilasta wa mai filin ya buɗe wa kowa ƙofa ba, fili na nan a kulle abinsa. Wasu 'yan damfara ma sun mayar da abun kasuwanci, su haɗa kuɗi su sayi fili, su sa a zuzuta darajarsa a takarda su kwashi rangwame ninkin abun da suka zuba, sai a Disamba 2022 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta taka musu birki. Saboda haka ni a wurina ranar Asabar ɗin da ƙungiya ta ce kowa ya zo a zaga da shi daji kyauta, ba alfarma ta yi wa kowa ba, ɗan abun da talaka zai gani da idonsa kenan daga cikin abun da ya biya.

Sannan abun da ake koyarwan ma ba shirme ba ne kamar yadda aka nuna a shirin. Bari in ba ka misali ɗaya da na gani da idona. A dazuzzukan nan akwai wasu ƙananan kududdufai da ke cika in dusar ƙanƙara ta narke, su ƙafe ƙaf da zafi ya kama. In ka je a watan Agusta ba abun da za ka gani sai rami da busassun ganye, ko ni da can da an tambaye ni cewa zan yi a cike shi da ƙasa a huta da sauro. Ashe ƙafewar ita ce sirrin. Tunda ruwan ba ya kai shekara kifi ba ya iya zama a ciki, tunda ba kifi ba mai cinye ƙwai, shi ya sa wasu kwaɗin daji da salamanda, wata halitta mai siffar ƙadangare amma dangin kwaɗo ce, baƙa mai ɗigon rawaya, a nan suke hayayyafa. A daren farko da aka yi ruwan sama mai ɗan ɗumi, cikin Maris ko farkon Afrilu, sai su fito daga ƙarƙashin ƙasa da yawansu su nufi kududdufin da aka ƙyanƙyashe su, in titi ya ratsa tsakani motoci su murƙushe su. Shi ne za ka ga mutane da tocila da riga mai ƙyalli cikin ruwan sama suna tsallakar da su da hannu, har da yara 'yan firamare. A garin Amherst na jihar Massachusetts tun 1987 aka yi musu 'yar hanya ta ƙarƙashin titi. Shi kwaɗon dajin ma, da sanyi jikinsa daskarewa yake yi, zuciyarsa ta tsaya, in ɗumi ya dawo ya narke ya ci gaba da tsalle, ka ga fuskar yaro in an gaya masa wannan, ai ba zai manta ba har ya tsufa.

Ga inda maganar ta haɗu da ta baƙonku. A Massachusetts mutum gama-gari zai iya ɗaukar hoton ƙwan da ke cikin irin wannan kududdufi, ya cike fom ya tura wa hukumar jiha, in sun tabbatar su sa wurin a rajista ya samu ƙarin kariyar doka. To wanda bai san yadda ƙwan salamanda yake ba ta yaya zai yi? Darasin awa biyu a bakin taɓo zai iya kare wurin da ƙungiya ba ta da kuɗin saye.

Haka maganar malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo da ake kira monak. Tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen wata ciyawa 'yar uwar tumfafiya, ita ma farin ruwa take fitarwa in ka karya ta, kuma mutane suna ɗaukarta ciyawar banza su bi ta da injin yanka. Wannan ɗan ƙwaro in sanyi ya gabato tashi yake har tsaunukan tsakiyar Meziko, wani ya yi tafiyar mil 3,000. Wanda aka nuna wa haka sau ɗaya, gobe in ya ga ciyawar a bayan gidansa zai bar ta. Tsuntsaye kuma, a 2019 mujallar Science ta buga binciken da ya nuna Arewacin Amurka ta rasa tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970, kuma babban ɓangare na alƙaluman daga ƙirgen 'yan sa-kai ya fito, ciki har da ƙirgen lokacin Kirsimeti da masanin tsuntsaye Frank Chapman ya fara a 1900. Su waɗannan masu ƙirgen ai wani ne ya taɓa miƙa musu madubin hangen nesa ya ce duba can.

Har abun da ya shafi lafiya ana koyarwa. Kaska a nan tana ɗauke da cutar Laim, sunan wani gari ne a jihar Connecticut inda aka fara lura da ita a shekarun 1970, kuma iyaye da yawa tsoronta ne ya sa ko bakin daji ba sa bari yaransu su je. Sai a nuna maka ka cusa ƙafar wando a safa, ka sa kaya masu haske, in an dawo gida a duba bayan kunne da hammata da bayan gwiwa, in ta kama a cire ta da hantsaki a hankali. Shi kenan tsoron ya ragu.

Amma kar ka ce na zo kare su ido rufe, don inda baƙonku zai kama su ban ji ya kama ba. Wata ƙungiya da ke kusa da mu, ba sai na kama suna ba, in ta tashi yin zagayen kallon tsuntsaye sai ta sa ranar Talata ƙarfe goma na safe, a wurin da bas ba ya zuwa, sanarwar kuma a wasiƙar da take aika wa masu ba ta gudummawa kawai. Haba jama'a! Wa zai zo in ba wanda ya yi ritaya yana da mota ba? Kullum fuskoki ɗaya, mutanen da dama sun riga sun san komai suna koya wa junansu. Mai aikin shif ba zai zo ba, baƙon haure da Turancinsa bai nuna ba ba zai zo ba, wanda in ya ga allo a bakin daji yake tsoron kar a kira masa 'yan sanda ba zai zo ba, sannan a ƙarshen shekara a ɗauko hoton yara uku riƙe da raga a sa a rahoto a ce an wayar da kan al'umma. In irin wannan baƙonku yake nufi to na ba shi gaskiya, wannan kam kuɗin ya tafi a banza.

Kuma abun haushi ba haka magabatansu suka nufa ba. Octavia Hill, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa ƙungiyar riƙon amanar filaye ta National Trust a Ingila a 1895, aikinta na asali gidajen talakawan Landan ne, filin da take fafutuka a bari saboda mutanen da ke cunkushe a ɗaki ɗaya ne su samu inda za su sha iska. Yau an wayi gari su ne na ƙarshen ji.

Gyaran ba wani abu ne mai wahala ba. Makarantu da yawa suna so su kawo yara, abun da ke hana su kuɗin hayar bas ne, to ƙungiya ta biya mana. A mayar da zagayen yammacin Asabar, a kai sanarwa masallatai da coci-coci da shagunan wanki inda mutane suke, a nemo wanda ke jin yaren unguwar ya tsaya a gaba. Kuma ni na fi son a ɗauki aji ɗaya a riƙa kai su wuri ɗaya sau da yawa a shekara, su ga kududdufin nan cike su gan shi a ƙafe su gan shi a daskare, a ba su aiki na gaske su ƙirga ƙwai su rubuta a littafi, ya fi a kwaso yara ɗari biyar rana ɗaya a raba musu sitika su koma.

Roƙona Malam Edita, ku sake yin shiri kan wannan batu, ku gayyato wani daga cikin masu tafiyar da irin waɗannan ƙungiyoyi ku haɗa shi da baƙon naku na farko. Shi na farkon ku tambaye shi wa yake tsammanin zai riƙa zaga iyakar filayen nan a 2060. Shi kuma na biyun ku tambaye shi, cikin waɗanda suka zo darasinsu bara, mutum nawa ne suka zo ba da motar kansu ba, kuma kar ku bari ya zille.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai sauraronku daga Amurka