Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Kan Konbatar da Zai Sa wa Motarsa

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mahaifiyarka tana gaishe ka. Labari ya iso mini ta bakin yayarka cewa ka sauke giyabos ɗin motarka, kuma ka ƙudiri aniyar sa mata tok-konbata mai sitol 4,500, irin wadda abokan tserenka suke ta kambamawa. Ban hana ka tsere ba tun farko, domin ka yi mini alkawarin ba za ka yi shi ba sai a filin da aka keɓe masa, amma wannan zaɓi naka ya hana ni barci.

Konbata da mai take haɗa inji da giya, kamar fanka biyu da ke fuskantar juna, iskar ɗaya tana juya ɗaya, sitol kuwa shi ne juyin da inji zai kai a minti kafin ta kama sosai. Wadda kamfani yake sa wa mota tana kamawa ne kusa da 2,000. Mai 4,500 an yi ta domin motar da ake kai wa fili a kan tirela, ta yi gudun mita 402 cikin 'yan daƙiƙu, a kashe ta ta huce, taka kuwa da ita kake zuwa aiki kullum. Lambar da ke jikin kwali ma ba abin dogaro ba ce, domin konbata guda takan ba da sitol mai yawa a bayan inji mai ƙarfi ko a mota mai nauyi, ta ba da kaɗan a wata. Ka ba masu ƙera ta nauyin motar da bayanin kamshaf (sandar da ke buɗe bawul na inji tana rufewa) da rabon giyar aksul da tsayin taya, su zaɓa maka wadda take kamawa da juyi 500 zuwa 700 ƙasa da inda injin ya fi ƙarfin murɗawa. A ganina, motar da take bin titi kuma take shiga fili ba ta bukatar wuce 3,000 da nisa.

Abin da nake tsoro shi ne zafi. Idan kana tafiya a babban titi injin yana juyi 2,200, konbatar ba ta kama ba, zamewa kawai take yi, kuma duk zamewar nan zafi take zama a cikin man giya. Man da ka zuba ja garau zai koma baƙi-baƙi yana warin ƙuna, faifan kulocin cikin giya su cinye. Wannan asarar kuɗi ce, zan iya haƙura da ita. Amma idan man ya yi kumfa ya feso ta bututun sandar awo ya zuba a kan salansa mai zafi, wuta ce za ta tashi a ƙarƙashinka, wataƙila a tsakiyar cunkoso, inda ba ka da wurin kaucewa. Ka san abin da ya sami kawunka, ka ga hannunsa da idonka. Ta yaya ɗan da ya ga wannan zai bar samarin da ba su taɓa buɗe giya ba su yanke masa shawara, alhali ubansa yana raye? Kana cewa na cika takura, to wannan takurar ce ta kawo ku inda kuke.

Ba na so mu koma irin maganar da muka yi bara, kuma na san hannunka ya iya aiki. Idan giyarka tana karɓar konbata mai kulocin kullewa, ita za ka saya, domin tana kashe zamewa a doguwar tafiya. Ka ƙara wa man giya lagireto nasa daban, ka sa ma'aunin zafi inda idonka zai riƙa kai wa. Digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Celsius lafiya ne, idan ya doshi 120 ka tsaya. Kada ka danne birki da totur tare fiye da daƙiƙa 5 wajen gwaji, kuma abin kashe gobara ya zauna kusa da kujerarka.

Kafin ka biya kuɗin kowace konbata, ka turo mini takardar kamshaf ɗin mu duba tare. Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka.