Sanarwa Kan Karo-karon Kuɗin Taransifoma

Assalamu alaikum ƴan uwa mazauna Ƙofar Ƙaura.

Kan maganar karo-karon sayen taransifoma, don Allah a ɗan dakata. A ƙa'idar NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, taransifoma da turaku da wayoyi nauyin kamfanin rarraba wuta ne, domin kuɗinsu na cikin farashin da hukumar ta amince a caje mu. In mun haɗa, mun biya sau biyu ke nan. Ko unguwa ce ta ga dama ta saya, sai da rubutacciyar yarjejeniyar yadda za a mayar mata da kuɗinta.

Marasa mita kuma, tun 2020 aka ƙayyade iyakar bil ɗin ƙiyasi.

Kowa ya adana rasit. Koke a rubuce ake kaiwa kamfani, in shiru, sai NERC. Mu haɗu bayan Isha'i gidan Mai Unguwa.