Masu rubuta bayanin manhaja, mu koyi yadda ake gina ta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana masu rubuta takardun da ke koya wa jama'a amfani da manhaja.

Shekara shida ke nan ina wannan aiki a wani ƙaramin kamfani a Kano mai yi wa 'yan kasuwa manhajar lissafin shago, akasarinsu 'yan Kantin Kwari. Da na fara, Hausa da Turanci kawai na iya, abin da injiniya ya faɗa mini shi nake rubutawa. Wata rana aka ba ni saƙonnin manhajar in mayar da su Hausa. A jimlar da ke fita a jikin rasit akwai wata kalma da aka kewaye da alamar baka biyu, sai na haɗa da ita na fassara. Ashe gurbi ne, nan manhajar ke saka adadin kuɗin da aka biya. Kwana biyu rasit na fita babu adadi, har wani dattijo mai sayar da atamfa ya yi sa-in-sa da abokin cinikinsa na shekara da shekaru. Har gobe abin yana damuna.

Daga nan na duƙufa koyon Python, wato wani harshen rubuta manhaja, da dare tsawon wata huɗu, na ƙara da HTML da ake tsara shafukan intanet da shi, da Git mai adana tarihin gyare-gyaren da aka yi wa manhaja. Ban zama injiniya ba, amma yanzu ba na rubuta umarni sai na gwada shi da hannuna. In na ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma alamar tambaya a allo, na san inda zan fara dubawa: ko an adana fayil ɗin da UTF-8, tsarin adana rubutu da ke ɗaukar irin waɗannan haruffa. A da, sai in yi mako ina bin injiniyoyi a kan wannan. Su ma sun fi sakin jiki da ni, domin tambayata ta daina zama "ya abin yake?", ta koma "wannan layin na manhajar wane sakamako yake bayarwa in babu intanet?"

Roƙona ga masu tafiyar da shirin 3MTT na koyar da mutum miliyan uku fasahar zamani, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, su riƙa neman ɗaliban harshe da gangan. Sassan koyar da Hausa a jami'o'inmu kuma, irin su Bayero da Ahmadu Bello, su ba masu karatun fassara ko da zango guda na rubuta manhaja kafin su kammala.

Wassalam,
Mai karanta ku daga Fagge, Kano