Kuɗin tara da abin da yaranmu ke saya da shi

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini.

Ni malamar firamare ce. Kullum idan aka kaɗa ƙararrawar tara, nakan leƙa ta taga in ga inda yara ke tururuwa. Mai ƙosai da mai awara na zaune suna korar ƙuda, layi kuwa yana wajen mai lemo da alawa da biskit.

Ran nan na karɓi robar lemon da wata 'yar aji shida ta shanye, muka karanta rubutun jikinta tare. Roba ce mai rabin lita, sukarin cikinta ya haura giram 50, kusan ƙaramin cokali 13 ke nan. Na aika aka sayo sukari, na auna a kofi a gabansu. Aji ya yi tsit, sai wani ya ce, "Malama, ai wannan ya ishi kokon gidanmu gaba ɗaya!" Alhali tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa, in da hali, kada babba ma ya wuce kimanin cokali 6 a yini.

Ban ga laifin yaran ba. Mu ne muka nuna musu abin leda shi ne wayewa, ɗanwake da kwaɗon zogale kuwa sai in babu. Waɗanda suka fi ba ni tausayi 'yan mata ne masu tasowa. Sun fara al'ada, jikinsu na buƙatar sinadarin ƙarfe, wato mai ƙara jini, amma karin kumallonsu shayi da burodi. Shi kuwa shayi rage wa jiki tsotsar ƙarfen yake yi, sai ka ji ana ta kukan jiri da kasala. Alhali abincin da ke ba da ƙarfen, irin su wake, ganye, ɗan ƙuli-ƙuli, a haɗa da tumatir ko gwaba, duk suna nan a bakin kasuwa.

Don Allah Edita, a ware mana ko rabin shafi ne duk mako, masana abinci su riƙa yi wa iyaye da yara bayani da Hausa, da cimar da aljihun talaka zai ɗauka, ba tuffa da inabi ba.

Ita dai ɗalibar tawa ba ta daina shan lemo ba, amma yanzu sai ta juya robar ta duba kafin ta miƙa kuɗi.

Wassalam.
Wata malama, daga Zariya